Daga Zugazugin Maƙera Zuwa Turbo: Tarihin Ɗura wa Injin Mota Iska

Duk wanda ya san maƙera ya san gawayi ba ya narkar da ƙarfe shi kaɗai. Sai yaron maƙeri ya kama zugazugi ya yi ta zuga, sannan wuta ta bar ja ta koma fari. Injin mota ma da iska yake rayuwa, domin kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara wa inji mai ba shi da wuya, iskar da zai iya shaƙa ce ke yanke masa iyakar ƙarfi. Injin da aka saba da shi, irin na Peugeot 504 da aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, da kansa yake jan numfashi: fistin ya sauka, bawul ya buɗe, iska ta shiga daidai gwargwadon abin da nauyin sararin samaniya ya tura. Tun ƙarni na 19 injiniyoyi suka fara tunanin yi wa inji zugazugi, suka ɓullo da hanya biyu. Ta farko ita ce sufacaja, famfon iska da injin ke juyawa da bel ko giya. Ta biyu ita ce turbo, fanka biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin da ke fita yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana cusa iska cikin inji. Abin da tarihin wannan fasaha ya nuna a cikin fiye da shekara ɗari shi ne cusa iskar ita ce ƙaramar matsala. Babbar matsala ita ce samun injin da zai ɗauki zafi da matsin da ke biyo bayanta, kuma kusan duk inda aka manta da wannan an yi asara.

Asalin na'urar ma ba a garejin mota yake ba. A 1860 wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, mutanen Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, suka yi rajistar wani famfon iska mai juyawa, aka riƙa amfani da shi wajen hura wutar narka ƙarfe da shigar da iska ramukan haƙar ma'adinai. Zugazugi ne na zamanin masana'antu, kuma har yau akwai sufacaja da ake kira da sunansu. Gottlieb Daimler ya yi rajistar dabarar tura wa inji iska a 1885, Louis Renault ya yi tasa a 1902. Shi kuwa turbo, uban gidansa wani injiniya ne ɗan Siwizalan mai suna Alfred Büchi, wanda ya lura cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin mai yana fita ta salansa ya bi iska. A 1905 ya yi rajistar hanyar kama wannan hayaƙi a sa shi aiki. Amma daga rajista zuwa cin nasara sai da aka kwashe shekara ashirin, saboda ƙarafan wancan zamani ba sa jure zafin hayaƙi, fankokin kuma ba sa matsa iskar kirki. Sai a tsakiyar shekarun 1920 aka sa turbo a injinan dizal masu silinda goma na wasu jiragen ruwa biyu na Jamus, Preussen da Hansestadt Danzig, ƙarfin kowane inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. Tunanin ya riga ƙarfe zuwa duniya, dole ya zauna ya jira shi.

Waje na biyu da turbo ya samu gindin zama shi ne sama, kuma dalilin yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar abin. Iska tana yin shara-shara gwargwadon yadda aka hau, inji mai shaƙa da kansa yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Motar da ta hau tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ta riga ta bar fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙarfinta a ƙasa. Ga jirgin yaƙi kuwa wannan batu ne na rai da mutuwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Auguste Rateau ya gwada turbo a injinan jiragen Faransa. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya ɗora injin jirgi samfurin Liberty a mota ya hau da shi dutsen Pikes Peak na jihar Kolorado, mai tsayin kusan mita 4,300. Injin da ke ba da doki kimanin 350 a ƙasa ya faɗi zuwa wajen 230 a kan dutsen, da aka kunna turbo ya koma 356. A duba waɗannan alƙaluma da kyau: turbo ya mayar wa injin abin da tsayi ya ƙwace masa ne, bai ɗora masa kayan da suka fi waɗanda aka gina shi ya ɗauka ba. Da wannan dabara jiragen Amurka irin su B-17 da P-47 suka yi yawo a ƙololuwar sama a Yaƙin Duniya na Biyu, tare da taimakon man jirgi mai inganci da ba ya kama wuta kafin lokaci.

A ƙasa, inda iska take a cike, lissafin ya sha bamban, domin duk abin da aka cusa ƙari ne a kan cikakken kaya. Kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu sufacaja a baje kolin Balin na 1921, masu tsere suka yi caa a kan fasahar. Labarin da ya fi koyarwa daga wancan zamani ya faro ne daga Ingila. Motar Bentley mai inji lita huɗu da rabi, ba tare da wata na'ura ba, ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1928. Wani direban tsere, Tim Birkin, ya dage cewa a ɗaura mata sufacaja irin ta Roots a gaban lagireto, injiniya Amherst Villiers ya tsara ta. Mai kamfanin, W. O. Bentley, bai yarda ba, ra'ayinsa shi ne wanda ke son ƙarfi ya ƙara girman inji. Birkin ya samu kuɗi daga wata attajira, Dorothy Paget, aka gina motar, ƙarfinta a filin tsere ya kai doki 240. Ta yi gudu na ban mamaki, har ta zo ta biyu a babban tseren Faransa na 1930. Amma a Le Mans na wannan shekara, motocin Bentley biyu masu sufacaja da suka tashi babu wadda ta kai ƙarshe, injinansu sun lalace tun ana tsaka da tsere. Wadda ta ci ita ce Speed Six, mai babban inji lita shida da rabi da ke shaƙar iska da kansa. Na'urar ta cika alƙawarinta na ƙarfi, injin ne ya gaza ɗaukar ƙarfin har awa 24.

Me ya sa injin fetur ke wahala haka, alhali dizal yana karɓar turbo hannu bibbiyu? Amsar tana cikin yadda kowannensu ke kunna wuta. Injin dizal iska zalla yake matsawa, sai ta yi zafi sannan a fesa mai, don haka babu abin da zai kama wuta kafin lokacinsa. Injin fetur kuwa cakuɗen mai da iska yake matsawa, yana jiran fulogi ya ba da tartsatsi. Iskar da aka matsa tana ɗaukar zafi, idan zafi da matsi suka yi yawa sai ragowar cakuɗen ya fashe da kansa kamar an buga guduma a kan fistin. Wannan ƙwanƙwasa ita ce ke huda fistin, ta fasa zobba, ta ƙona gasket, daga ƙarshe a ji bakanike yana cewa inji ya buga. Ga shi kuma hayaƙin fetur ya fi na dizal zafi, yana iya kusantar digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa manyan motoci suka riga ƙanana: kamfanin Saurer na Siwizalan ya fitar da motocin kaya masu turbo a 1938, Volvo da wasu suka biyo baya a shekarun 1950, har aka kai yau da wuya a ga tirela ko tanka a hanyar Kano zuwa Legas da ba ta da shi. Ko dizal ɗin ma bai tsira daga darasi ba. A 1952 motar Cummins mai dizal da turbo ta samu gurbin farko a layin tashi na tseren Indianapolis 500, amma a ranar tsere bakin turbo ya yi ta zuƙar ɓarɓashin taya daga kan hanya har ya toshe, motar ta fita tun ba a kai rabi ba.

Shekarar 1962 ta kawo gwaji mafi kyau da mai nazari zai so, domin kamfani ɗaya, General Motors, ya fitar da motocin fetur biyu masu turbo, kowace da tata dabara. Oldsmobile Jetfire ta ɗauki injin V8 mai lita uku da rabi da ke ba da doki 185, aka ɗaura masa turbo ya koma 215, amma aka bar matsin da fistin ke yi wa cakuɗen mai da iska yadda yake, wato 10.25 bisa 1. Don hana ƙwanƙwasa sai aka sa wani tanki na musamman da ke fesa cakuɗen ruwa da sinadarin metanol cikin iskar da ke shiga. Dabarar tana aiki muddin mai mota bai manta da cika tankin ba, mutane kuwa mantuwa suke yi. Da ruwan ya ƙare sai na'urar tsaro ta rage ƙarfin, masu mota su koma wurin dillali suna ƙorafi. Ƙasa da guda 10,000 aka ƙera a shekara biyu, aka daina, daga baya kamfanin ya yi tayin cire turbo kyauta a mayar da kafireto na yau da kullum. Ita kuwa Chevrolet Corvair, injiniyoyinta sun rage matsin inji zuwa 8 bisa 1, suka sa bawul na ƙarfe mai jure zafi da karanshaf mai ƙwari, ƙarfinta ya kai doki 150, aka ci gaba da sayar da mai turbo har 1966, lokacin ƙarfin ya kai 180. Ɗaya an ɗora mata na'ura an bar mai mota da raino, ɗayar an gyara cikinta don ta karɓi na'urar, sakamakon ya bi aikin da aka yi.

Turawan Turai sun ɗauki darasin rage matsi, sai suka ci karo da wata matsala. BMW 2002 Turbo ta 1973 an sauke matsinta zuwa 6.9 bisa 1 don ta ba da doki 170. Kafin turbo ya ɗauki gudu motar lagwani ce, da ya ɗauka sai ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar an harba ta. Ta kuma fito a mummunan lokaci, makonni kaɗan kafin rikicin man fetur na Oktoban 1973, guda 1,672 kawai aka yi. Porsche 911 Turbo ta 1975 ita ma ta yi suna wajen wannan jinkiri da fizga, musamman a kan kwana, sai a 1978 aka ƙara mata intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska bayan an matsa ta. Waɗanda suka mayar da turbo abin hawan iyali su ne injiniyoyin Saab na Suwidin ƙarƙashin Per Gillbrand. A Saab 99 Turbo ta ƙarshen shekarun 1970 sun zaɓi ƙaramin turbo mai saurin ɗauka, da wata ƙofa da ke karkatar da rarar hayaƙi idan matsi ya isa. A 1982 suka ƙara na'urar lantarki mai sauraren inji, da zarar ta ji ƙwanƙwasa sai ta buɗe ƙofar ta rage matsi. Daga nan mota ta iya daidaita kanta da irin man da aka zuba mata. Fanka da sanda suna nan tun zamanin Büchi, abin da aka yi shekara saba'in da doriya ana nema shi ne linzami.

Mai musu zai kawo hujjar tseren Formula 1, kuma hujja ce mai nauyi. Renault ta shigo da inji lita ɗaya da rabi mai turbo a 1977 don ya kara da masu lita uku, aka yi ta yi mata dariya saboda yawan tsayawa tana tuƙuƙin hayaƙi, har Ingilishi suka raɗa mata suna butar shayi. A 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa da ita, dariya ta ƙare. A 1983 Nelson Piquet ya zama zakaran duniya da injin BMW wanda gangar jikinsa ta ƙaramar motar gida ce mai silinda huɗu, kuma a tsakiyar shekarun 1980 irin wannan inji yana haura doki 1,000 a zagayen gwaji. Ashe ke nan injin gida yana iya ɗaukar komai? Sai dai gangar jikin ce kawai ta gida. Fistin, sandunansa, kan inji, famfon mai, hanyar sanyaya, duk sababbi ne da aka ƙera don wannan aiki, man da suke sha ma haɗi ne na musamman da ba a sayarwa a gidan mai. Injin da ake buɗe wa cikakken matsi a ranar gwaji zagaye kaɗan ake bukata ya yi, a sauke shi a ɗora wani. Wanda ke da mota ɗaya, da ita yake zuwa aiki da ita yake kai yara makaranta, ba shi da wannan gata. Hukumar tseren kanta ta haramta turbo daga 1989, bai dawo ba sai 2014, cikin tsauraran ƙa'idoji kan yawan man da inji zai sha.

Hujja ta biyu ta fi kusa da talaka: akwai sana'a guda ta sayar da kayan ɗaurawa, kuma ta daɗe. A shekarun 1950 kamfanin Judson yana sayar da sufacaja ga masu Volkswagen ƙirar kunkuru, McCulloch yana sayarwa ga masu manyan motocin Amurka, matasan tseren gajeren zango kuma suna ciro famfon iska daga injinan dizal na GMC suna ɗorawa a kan V8. A Japan kamfanin HKS ya fara sayar da kayan turbo na ɗaurawa a shekarun 1970, sashen TRD na Toyota ma ya sayar da sufacaja ga wasu motocinsa. Dubban motoci sun yi shekaru da waɗannan kaya lafiya lau, wannan gaskiya ne. Amma idan aka buɗe kwalin kayan kirki za a ga na'urar hura iska kashi ɗaya ce daga ciki. Akwai manyan allurai na fesa mai, da famfon mai mai ƙarfi, da intakula, da sabon tsari ga kwamfutar inji don ta ja lokacin tartsatsi baya, kuma matsin da ake ƙarawa ɗan kaɗan ne, yawanci bai wuce rabin nauyin iskar duniya ba. Lissafin ba ya ƙarya: ƙarin rabin iska yana neman ƙarin rabin mai, in bai samu ba wuta ta yi zafin da zai narkar da fistin. Ƙarin ƙarfin kuma sai ya bi ta kuloci da giya kafin ya isa taya, birki ne zai tsayar da shi. Masu cewa sufacaja ta fi turbo sauƙi suna da gaskiya ta fuskar ɗaurawa da rashin jinkiri, amma tana cin wani kaso na ƙarfin injin kafin ta juya, ƙwanƙwasa kuma ba ta tambayar wace na'ura ce ta matsa iskar.

Hujja ta uku ita ce ta zamani: tunda sababbin motoci da yawa da turbo suke fitowa, ai abin ya zama ruwan dare. Ya zama kam. Dokokin rage hayaƙi da tsadar mai sun sa kamfanoni ƙanƙanta inji suna cike giɓin da turbo. Ford ta fitar da inji lita ɗaya mai silinda uku a 2012, Honda ta sa lita ɗaya da rabi mai turbo a Civic, ita kanta sabuwar Land Cruiser ta 2021 ta ajiye V8 ta koma V6 mai turbo biyu. Amma waɗannan injina tun daga zanen farko aka yi su don matsi. Ana fesa mai kai tsaye cikin silinda don ya sanyaya ta, ana watsa baƙin mai a ƙarƙashin fistin, ana zagaya turbo da ruwan sanyi, kwamfuta tana auna iska da zafi da ƙwanƙwasa a kowane juyi. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan siririn shimfiɗin baƙin mai, don haka mai datti ko wanda ya wuce lokacin juye shi ne ajalinsa. Yawaitar turbo a masana'anta shaida ce ta yawan aikin da aka yi a kewayensa, ba ta rage ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan da Jetfire ta karya ba.

Waɗannan sharuɗɗa sun fi tsauri a ƙasashenmu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40, iskar da turbo zai matsa ta riga ta yi zafi tun kafin ta shiga. Ƙurar hunturu tana cin fikafikan fanka idan matatar iska ta yi sakaci. A yawancin gidajen mai na Nijeriya fetur iri ɗaya ake sayarwa, babu zaɓin mai jure matsi, balle wanda aka saya a galan a bakin titi. Saboda haka mai sha'awar ɗaura wa motarsa turbo ko sufacaja ya fara da tambayoyin da tarihi ya riga ya yi: nawa ne matsin injin, wane mai zai sha, ina zafin zai tafi, wa zai daidaita kwamfutar da kayan awo ba da kunne ba, giya da birki za su ɗauka? Idan ya haɗa kuɗin amsa waɗannan tambayoyi, sau da yawa zai tarar sayen motar da ta fito da turbo daga masana'anta ya fi araha. Wanda ke da ilimin da kuɗin da haƙurin yin cikakken aikin, fasaha ce mai kyau kuma tana biya. Wanda kuwa turbo kaɗai ya saya a kasuwar kayan gyara ya ce a ɗaura masa, ya tanadi kuɗin sabon inji, domin garin neman ƙiba ake samo rama.